Allon Kakana da Layin da Ya Goce

Hajiya, mahaifiyata, ta shiga Islamiyyar matan aure ne a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, lokacin da makarantu suka cika unguwanni, har masu jikoki suka rataya jaka. Mahaifinmu bai daɗe da rasuwa ba, na ɗauko ta daga ƙauyenmu na Jigawa ta dawo wurina a Nassarawa GRA. Ko harafi ɗaya ba ta sani ba a lokacin. Direba ke kai ta Badawa da hantsi, ya ɗauko ta kafin azahar. Muka yi zaɓe, muka sake yi, gwamnoni suka hau suka sauka, 'ya'yana da suka fara karatu a bayanta suka wuce ta, wasu har suka yi aure, ita tana nan tana fama. Gaskiya ni na daɗe da cire rai. Na ɗauka wurin hira ta samu, kuma ban ga laifin hakan ba.

Kwatsam wata rana ta dawo ta ce malamarsu ta sa ta cikin masu sauka. Ta shige ɗaki, muka ji tana jan akwatin ƙarfe, ta fito da wani abu naɗe cikin tsohon zane. Allon mahaifinta ne, mutumin da aka sa mini sunansa, shi ya sa ma ba ta kirana da komai sai Babana. Fuskar allon ta yi ja, bayansa ya yi baƙi don shan tawada da wanki, mariƙinsa ya yi sulɓi. Ta ce 'yan'uwanta maza duk an yi musu zayyana da suka sauke, ita kuwa ko ƙofar makaranta ba a nuna mata ba. A wannan allon take so a yi mata tata, a zagaye shi da ado yadda aka saba, a rubuta abin da za ta karanta a tsakiya. Ta ce in ba direba ya kai wa masu zayyana a cikin gari.

Ni kuma a lokacin zazzaɓin sabon inji ke damuna. Akanta ne ni, ban taɓa riƙe zarto ba, amma na ga wani ƙaramin inji a waya, mai zane da yanka katako da siririn haske, wanda ake ce wa leza, na yi oda daga ƙasar Sin. Sanduna huɗu ne a haɗe, da wani ɗan kai da ke yawo a kansu, bel mai haƙora na jan sa gaba da baya, hagu da dama, yana bin abin da ka zana a kwamfuta. Na girke shi a gareji a kan tsohon teburin cin abinci. Na riga na cika gidan da mariƙan makulli da ba wanda ya roƙa, har ƙofar kicin na yi wa allon suna, kamar akwai mai ɓata a hanya. Don haka da na ji maganar masu zayyana, sai na ji kamar an raina ni a gidana.

Na ce mata ai ba sai an je cikin gari ba, ni zan yi mata, kuma layina zai fi na kowa miƙewa.

"Da wutar nan, Babana?"

Na ce haske ne. Ta ce ita dai a saninta duk abin da ke hayaƙi wuta ne. Amma ta yarda, don Hajiya ba ta iya ce mini a'a ba, wannan kuwa ya sha jawo mana wahala mu biyun. Ta dai mayar da allon ɗakinta, ta ce in na gama koyo in zo in karɓa.

Na fara gwaji a kan guntayen katakon filawud. Tun zanen farko na ga abin da ban gane ba. Da'ira ta tashi daga wuri ɗaya, ta zagayo, ta ƙi komawa inda ta taso, ta bar ɗan baki buɗe. Na sa injin ya maimaita layi don ya ƙara duhu, sai ga layi biyu, ɗaya na bin ɗaya kamar inuwa. A mariƙin makulli ban taɓa lura ba, ko kuma na lura na kau da kai. Ga wauta kuma, da bisimilla nake gwajin, don in ga yadda rubutu zai fito. Kafin in farga na tara katako masu ɗauke da sunan Allah a karkace, ba dama a zuba a shara, ba dama a bari a ƙasa. Matata ta yi ta ɗora su bisa wadurob tana tambayata ko masaukinsu ke nan har abada. Hajiya ce ta raba gardamar. Ta ce kada in ƙara sa wuta a sunan Allah, malamarsu za ta yi rubutun da tawada da alƙalami, ni in tsaya a adon gefe. Na ji sauƙi, ko da yake na nuna kamar an rage mini matsayi.

Daga nan na faɗa hannun mutanen intanet. Kowa a cikinsu ya san ciwon injina, kuma ba biyu da suka yarda da juna. Wani ya ce bel ne ya saki, in ɗaure shi har in an taɓa ya yi ƙara kamar tsirkiya. Na ɗaure, na taɓa, na kasa kunne, ban san wace ƙara ake nema ba. Na ƙara ɗaurewa, injin ya fara gurnani yana tsallake haƙora. Wani ya ce na ɗaure da yawa, na sassauta, da'irar ta koma kamar ƙwai. Wani ya ce gudu ya yi yawa, na rage gudu har ina hamma a kansa. Wani kuma ya ce sandunan ne ba su haɗu daidai ba, in auna daga kusurwa zuwa kusurwa. Na je har Gawuna na aro sukwaya, ma'aunin kusurwa, wurin wani kafinta, na kwance injin gaba ɗaya, na sake haɗawa, na tashi da rarar sukuru ɗaya a hannu wanda har yau ban san inda ya fito ba. Na jefa shi cikin aljihun tebur, na rufe da sauri.

Ciwon farko dai na kama shi. Akwai ɗan gargare mai haƙora a bakin moton da ke jan bel, wani mitsitsin sukuru ke riƙe shi. Na ja layi da alƙalamin maka a kan gargaren da sandar moton, na kunna, na dawo na ga layin ya rabu biyu. Ashe moton na juyawa, gargaren na ɗan zamewa a duk sanda aka sauya hanya. Na ɗaure sukurun da ɗan makullin alanki, na zana da'ira, ta rufe ruf. Na zana murabba'i, na auna da rula, ko'ina daidai. Na maimaita layi, ya hau kan ɗan'uwansa ba inuwa. Na ɗauki katakon na zagaya gida ina nuna wa kowa, har mai gadi, wanda ya duba da'irar ya ce madalla cikin ladabi, don bai san an taɓa samun da'irar da ba ta rufe ba.

Murnar ba ta yi nisa ba. Na sayo sababbin alluna a kasuwa don in gwada zayyanar gaba ɗaya, da sarƙaƙƙun layukanta da ƙananan dagi a kusurwa. Aiki ne mai cin lokaci. In na taso ofis na fara bayan la'asar, magariba ke riskata a tsakiya. Ni kuma ba na barin injin a kunne ba kowa, don akwai ranar da katako ya kama da wuta a gabana, na kashe da ruwan buta. Saboda haka in an kira salla sai in danna masa ya dakata, in janyo ƙofar gareji, in tafi masallacin layinmu, in dawo in ce ya ci gaba. Daga nan ne layin ke gocewa. Ya yi ta tafiya sumul, sai a wuri ɗaya ya yi tsalle, sauran adon duk ya bi sabon wurin.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gocewar ba ta da tsari. Yau ta yi hagu, gobe ta yi ƙasa, jibi ta ɗan karkace. Wani lokaci kamar kaurin farce, wani lokaci kamar ƙwayar shinkafa. In inji ya lalace ai ya kamata ya lalace ta hanya ɗaya, yadda mutum zai bi sawu. Na ce ko dakatarwar ce ba ya so, na dakatar da shi ina tsaye a kansa, na jira, na ce ya ci gaba, ya ɗora daidai inda ya tsaya kamar yana mini dariya. Na ce ko kwamfuta ce ke barci, na hana ta barci. Na sauya wayar da ta haɗa su. Na zargi zafin moto, na kafa masa fanka. Na zargi janaretan maƙwabci, na zargi ƙafar tebur, na cusa mata takarda. Na yi tunanin ƙadangare, har na tsaya ina kallon wani da ke bango ina auna ko zai iya ture allo. Allon kuwa ajiye shi kawai nake yi, ba na ɗaurewa, tunda ba abin da ke taɓa shi sai haske.

Raina ya ɓaci ƙwarai a kwanakin nan. Na tsare mai gadi da tambaya, ya rantse bai taɓa leƙa garejin ba, kuma na san gaskiya ya faɗa, don tsoron hasken yake. Na yi wa injin faɗa da babbar murya, matata ta leƙo ta ce in da amsa ya bayar in gaya mata. A masallaci ma hankalina na gareji, ina sahu ina lissafin bel. Wani dattijo maƙwabcinmu ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa injina ne ba ya son in je salla. Ya yi dariya, ni ban yi ba, don iyakar abin da bincikena ya nuna ke nan. Hajiya kuwa kullum in na shigo cin abinci sai ta tambaya ya aiki, in ce saura kaɗan, ta ce Allah ya taimaka. Ranar sauka na matsowa, malama ta aiko cewa a kai mata allon da wuri don tawada ta samu bushewa. Matata ta ce in ajiye girman kai in kai cikin gari tun da sauran lokaci. Na yi niyya, wallahi na yi, amma na riga na gaya wa Hajiya ni zan yi, ita kuma ta riga ta gaya wa 'yan ajinsu.

Wata Asabar na fara da safe, na zauna a kansa ban motsa ba har ya gama. Zayyana ta fito tsaf, ba tsalle ko ɗaya. Ban gane dalili ba, amma na samu dabara: kada in tashi. Asabar da ta biyo baya na karɓo allon kakana.

Hajiya ta biyo ni da kujerarta, ta zauna a bakin ƙofar gareji. Na ba ta koren tabarau na kare ido, ta ɗora bisa nata, ta zama abin dariya, amma ba wanda ya yi dariya. Na so in manne allon da salatif, ta ce kada in liƙa masa komai. Na auna, na sake aunawa, na zagaya gefensa da haske mara ƙarfi don in ga inda adon zai faɗa. Tsoro ya sa na rage wuta na rage gudu, don tsohon icce ne, ban san yadda zai karɓa ba. Ya karɓa da kyau. Layin ya fito baƙi siriri a kan jan allon, wani ƙamshi ya tashi wanda sababbin ba su da shi. Sai dai rage gudun ya ja aikin fiye da yadda na zata, aka kira azahar ana tsakiyar gefen hagu.

Na ce zan shimfiɗa darduma a nan in yi sallata. Ta dube ni ta saman tabarau biyu.

"Masallaci na bakin ƙofa, za ka yi salla a gareji saboda katako? Tashi ka tafi. Ina nan."

Na dakatar da injin. Na ce ta kula mini, kada kowa ya taɓa, ko tebur kada a jingina. Ta ce to. Na tafi da kwanciyar hankalin da ban samu ba tun da aka fara, tunda yau na bar mai tsaro.

Na dawo na tarar da komai yadda na bari, ita a kujerarta tana jan carbi. Na danna. Hasken ya sauka, ya fara tafiya, na ga ya tashi daga gefen layin, ya nufi cikin fili inda rubutu zai zauna. Kafin hannuna ya kai ga makashi ya ƙona kamar tsawon gaɓar yatsa. Na tsaya ina kallon abin. Na tambaye ta wa ya shigo. Ta ce ba kowa. Na ce ko iska ta buga ƙofa, ko kyanwa. Ta ce ba abin da ya gifta.

"Ni dai na ɗaga shi na duba bayansa, na mayar inda yake."

Na ce me ta ce.

"Inda yake na mayar, Babana. Kullum ma haka nake yi."

Sai da na nemi wuri na zauna. Ashe duk magaribar nan, in na fita masallaci, Hajiya na fitowa daga sashenta ta tura ƙofar gareji, ta ɗaga allon gwaji, ta juya shi, ta shafa bayansa, ta mayar. So take ta tabbatar wutar ba ta huda katako. Ita ma nata binciken take yi, ni ina nawa, muna cin abinci tare ba wanda ya gaya wa wani. Da na ce kada kowa ya taɓa, ba ta sa kanta cikin kowa ba, allon ubanta ne. Na buɗe baki zan yi faɗa, na dube ta, na haɗiye. Haushi na ji, da tausayi, da wata dariya mai ciwo, duk a lokaci ɗaya.

Na tambaye ta me take tsoro a bayan allo, tunda ba a can za a yi rubutu ba. Ta ce rubutun mahaifinta na ƙarshe na nan, an wanke amma bai fita duka ba. Ta juya shi, tunda yanzu ba sauran abin da za a ɓata, ta nuna mini da farce, ta ce ga layi nan, ga wani nan. Na cire tabarau, na kai allon bakin ƙofa wurin haske, na karkata shi hagu da dama. Ni ban ga komai ba sai baƙi. Na ce mata na gani.

Sauran yinin na yi shi ne ina neman inda injin ya tsaya. Shi bai san an motsa komai ba, yana nan a kan lissafinsa, allon ne ya bar shi. Na yi ta tura allon kaɗan-kaɗan da yatsa, ina haska ƙarshen layin da haske mara ƙarfi, in ga ya hau a sama ya sauka a ƙasa, in gyara ƙasa sama ta goce. Da la'asar na tsayar da matata a ƙofa, na ce ko Hajiya kada ta bari, musamman Hajiya. A ƙarshe na samu abin da ido zai iya yafewa, na ƙarasa adon. Ya yi kyau, ba yabon kai ba. Amma a gefen hagu wajen ƙasa akwai ɗan tsani inda tsohon layi da sabo suka ƙi gaisawa, ga kuma ƙunar nan da ta kutsa cikin fili. Na so in kankare, Hajiya ta hana. Malama ta yi rubutunta, kalmar ƙarshe ta layin ƙarshe ta faɗa dab da ƙunar.

Ranar sauka, a mota, tana rungume da allon, ta tambaye ni ko ana gani sosai. Na ce ba mai lura. Ta ce ita ta ɓata mini aiki. Na ce ai allonta ne, in da wanda aka ɓata wa ita ce.

"Ba wanda zai ce Hajiya ta ɗaga allo," in ji ta. "Cewa za a yi ɗanta bai iya ba."

An kafa rumfuna a filin makarantar, maza gefe, mata gefe, ga lasifika. Masu sauka suka jeru cikin fararen hijabai, Hajiya ta fi kowa tsufa, ta fi kowa ƙanƙanta. Da aka zo kanta na kutsa gaba da waya kamar sauran 'ya'ya. Ta riƙe allon da hannun hagu, ta ɗora babban yatsanta a kan wurin, ya rufe tsanin, ya rufe ƙunar, ya rufe kalmar ƙarshe. Ta fara karatu a lasifika, tana tafiya, layi bayan layi. Ta iso ƙarshe ta tsaya. Na san ta san kalmar, na sha jin tana maimaita ta a tsakar gida, amma taro ya cika mata ido, ita kuma ba ta saba faɗin abin da ba ta gani a rubuce ba. Malama ta sunkuyo, lasifika ta ɗauki muryarta.

"Hajiya, ɗaga yatsanki."

Ta koma farkon layin, ta sake tahowa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Na sauke wayar. Na so in ce mata ta ɗaga, kowa ya gani, ba komai, amma tsakanina da ita akwai mutane da yawa. Matan da ke bayanta suka raɗa mata kalmar, ta faɗa a hankali, aka yi kabbara. Har aka karɓi lasifikar daga gabanta ba ta ɗaga yatsan ba.